Shekara Uku Muna Karatu a Tsakar Gida

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, cikin Afrilu kuma aka kulle Kano gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Azumi ya zo ya same mu a kulle. Lokacin 'yar farina tana da shekara tara, tana aji huɗu a wata firamare ta kuɗi da ke unguwarmu. Ƙaninta yana aji ɗaya, auta kuma bai fi shekara uku ba. Yarinyar nan ba ta taɓa wuce ta biyar a ajinsu ba, takardar sakamakonta kullum cike da yabo.

Wata rana auta ya tashi da zazzaɓi, ni kuma ina tsugune ina wanke-wanke. Na ce mata ta zaro takardar da ke cikin kwalin maganin ta duba mini cokali nawa ake ba ɗan shekara uku. Ta riƙe takardar ta yi shiru. Na ɗauka ƙanƙantar rubutun ce ta hana ta, ko kuwa Turancin likitoci ne ya yi mata nauyi, sai na goge hannuna a zani, na samo bayan kwali na rubuta mata da manyan baƙaƙe: "Kaza ta sha ruwa a kasko." Ta dubi rubutun, ta dube ni, ta ce "ka", ta tsaya. Idonta ya ciko da ƙwalla.

Na ce ta ɗauko littafin Turancinta na makaranta. Ta buɗe shafi ta karanto shi tiryan-tiryan, ko numfashi ba ta ja. Na rufe hoton da tafin hannuna, na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin. Sai da ta koma farkon layi na ɗaya tana rerawa a hankali har ta iso inda yatsana yake, sannan ta faɗi kalmar. Ashe duk shekarun nan hadda take yi. Malama ta faɗa, aji ya amsa, ita kuma Allah ya ba ta kai mai riƙo.

A daren nan ban runtsa ba. Ba malamanta na fi jin haushi ba, domin na san yawan yaran da ke ajin, na kuma san abin da ake biyan malamar firamare ta kuɗi bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara huɗu ina sa hannu a takardar sakamako, ina saya mata alawa don ta yi ƙoƙari, ban taɓa zaunar da ita na ji karatunta da kunnena ba. Ga shi ina da takardar NCE a cikin akwati.

Washegari muka fara, ba shiri ba tsari. Na ajiye littattafan Turanci gefe, na koma da ita Hausa, domin yaro ya fi saurin gane cewa rubutu magana ce idan maganar tasa ce. Hausa kuma tana da wani sauƙi: yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Muka fara da wasula biyar, muka riƙa ɗaura musu baƙi ɗaya-ɗaya, ba, be, bi, bo, bu. Na yayyanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, kowane yanki gaɓa ɗaya, na zuba a faranti. Ta ɗauki "ta" ta ɗauki "sa", ta jera su, ta ce "tasa". Na ce ta juya su. Ta juya, ta yi jim, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, sata!" Ranar ce na fara ganin ta yi dariya a kan karatu. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai da muka yi mako guda a kansu, da su "bari" da "ɓari", "kafa" da "ƙafa". Ƙaninta yana gefe yana kwasar abin a sama, har ya kusa riga ta.

Kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba, tana karanta gajeren labari da Hausa ita kaɗai. A nan ne na ce ba zan mayar da su ba tukuna.

Maigida na fara tunkara, bayan ya ci abincin dare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, in an tambaye ni wace makaranta 'ya'yana suke, in ce me?" Tambayar ba ta wasa ba ce. Mutum ne da yake zaune a kasuwa cikin abokai, kuma a garin nan idan aka ga yaro a gida da hantsi, abu biyu ake zato: ko an koro shi saboda kuɗin makaranta, ko iyayensa ba su damu ba. Ban yi masa dogon bayani ba. Na kira yarinyar na miƙa mata takardar da aka ƙunso masa tsire a ciki, wani yankin tsohuwar jaridar Hausa da maiƙo ya ɓata rabinsa. Ta karanta masa layi uku. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ya ba ni zango ɗaya, idan bai ga ci gaba ba za su koma, kuma ni zan je in yi wa Hajiya, kakar yaran, bayani da bakina.

Zuwa wurin Hajiya ya fi mini wuya. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo maganar a hankali. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da ba mu yi bokon ba muke kuka, ke kuma da kika yi za ki hana jikokina?" Na ce, "Hajiya, ba hana su zan yi ba, ni zan koya musu." Sai na tuna mata da abin da ita da kanta ta sha ba mu labari, cewa a ɗakin kakarta ta yi babbaƙu da farfaru, ita da 'yan matan layinsu, ba ta taɓa zama a gaban wani malami a waje ba sai da ta kai izu biyar. Karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kuma jajis, wato malamai mata da ta horar, gida-gida da ƙauye-ƙauye suka riƙa bi suna karantar da mata. Hajiya ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi, "Allah ya sa alheri," ta kuma gindaya sharaɗi cewa Islamiyya kam ba fashi. Wannan sharaɗin nata daga baya ya zame mana babban gata.

Sai maganar doka, wadda nake ganin duk mai son bin wannan hanya ya kamata ya san ta tun kafin ya fara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, shekara tara ke nan. Ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya sake saɓawa. Gwamnatin Kano ma a 2019 ta shelanta ilimi kyauta kuma dole. Dokar nan ba ta shimfiɗa wata hanya ta musamman ga mai karantarwa a gida ba, saɓanin Ingila inda dokarsu ta 1996 ta yarda a ilmantar da yaro a makaranta ko ta wata hanyar. Ban so in zauna a cikin duhu ba, don haka na je wata ƙaramar makaranta mai rajista na zauna da shugabarta. Muka daidaita cewa sunayen yaran za su kasance a rajistarta, za su riƙa zuwa suna zana jarrabawar ƙarshen kowane zango tare da 'yan ajinsu, ina biyan wani abu. Hakan ya ba su takardun da za su nuna duk inda za su je nan gaba. Ni kuma ya ba ni ido na biyu, domin uwa ba ta iya auna ɗanta da gaskiya ita kaɗai. Wataran tausayi zai rinjaye ta, wataran fushi.

Daga wurin shugabar na samu kwafin manhajar firamare ta hukumar NERDC, wadda ita ke tsara abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan. Na kai aka yi mini hoto, na zauna da jan biro dare uku. A nan na tafka kuskurena mafi girma. Na ga darussa jere, Turanci, lissafi, kimiyya da fasaha, addini da tarbiyyar ɗan ƙasa, Hausa, zane-zane da al'adu, sai na zana jadawali irin na makaranta sak: darasi takwas a rana, kowanne minti 35, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya da rabi, har da lokacin tara. Na sayo farin allo da maka, na sa kafinta ya yi mana benci.

Mako uku jadawalin ya yi ya rushe. Ina tsakiyar bayani auta zai kwance wando, ko mai ruwa ya buga ƙofa, ko tukunya ta kama. Ina koya wa babbar rabawa, ƙaramin yana jira yana wasa da maka. Ƙarfe goma sha ɗaya na yi, na gaji, muryata ta fara tashi. Ranar da na daka wa yarinyar tsawa a kan lissafin da na san ban koya mata da kyau ba, na ga ta koma irin shirun nan na ranar takardar magani, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka. Na cire ta daga inda ake rera mata karatu ba ta fahimta, ga shi ni ma na kafa mata irinsa a falo, har da ƙarin tsawa.

Na yage jadawalin. Na tambayi kaina abin da yaro ba zai iya ci gaba ba sai da shi, na ga abu uku ne: karatu, rubutu, lissafi. Sauran duka a kan waɗannan suke hawa. Na kuma daina bin agogo, na koma bin lokutan salla, domin da su gidan yake tafiya tun asali. Bayan asuba tilawa da ƙarin hadda, lokacin kai yana sanyi. Bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, awa ɗaya da babbar ita kaɗai, ƙaramin yana kwafar rubutu ko yana yi wa auta wasa, sannan su yi musanya. Kafin azahar mun gama. Awa biyu zuwa uku ke nan a rana, kuma abin da muke ci a cikinsu ya fi abin da muke yi a awa biyar na da, saboda yaro ɗaya ne a gabana, ina ganin daidai inda ya yi tuntuɓe. Bayan la'asar su tafi Islamiyya. Alhamis da Juma'a ba Islamiyya, sai na mayar da Alhamis ranar fita, Juma'a kuma hutu.

Turanci na dawo da shi bayan karatun Hausa ya zauna, ta hanyar sautin baƙaƙe, ba haddar kalmomi ba. Ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, domin ta riga ta gane sirrin haɗa baƙi da wasali. Abin da ya rage shi ne ta saba da cewa Turanci ba ya cika alkawari, harafi ɗaya sai ya yi sauti biyu ko uku. A wancan lokacin manufar ilimi ta ƙasa ma ta daɗe tana cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, amma makarantun kuɗi da yawa tarar yaro suke ci idan ya yi Hausa a aji, mu iyaye kuma muna jin daɗi, muna cewa makarantar tana da kyau.

Lissafi a kicin muka fi yin sa. Yarinyar ta haddace biyu sau biyu har zuwa sha biyu sau sha biyu, amma da na tambaye ta rabi da kwata wanne ya fi yawa, sai ta ce kwata, saboda huɗu ta fi biyu. Na ɗauko gurasa guda biyu. Na raba ɗaya gida biyu, ɗaya gida huɗu, na ce ta zaɓi yanki ɗaya ta ci. Hannunta ya tafi kan babban. Na ce, "Me kika ɗauka?" Ta dubi gurasar, ta dubi allon, ta ce, "Au." Daga nan muka shiga auna shinkafa, gwangwanin madara nawa ke cika kwanon gidanmu, in za a dafa sulusinsa gwangwani nawa ke nan. Na riƙa ba su kuɗin cefane su rubuta abin da za a saya, su ƙiyasta canji tun kafin a aika. Da babbar ta kai lissafin aji biyar na ga ya fara fin ƙarfina, musamman awon fili da kusurwa, ban tsaya jan girma ba, na ɗauki malamar lesin tana zuwa sau biyu a mako. Kuɗinta bai kai rabin abin da muke biya a da ba.

Fitar Alhamis ita ce ta ɗauke mana nauyin tarihi da kimiyya. Mun je Gidan Makama, sun ga sulke da kwalkwali da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, muka dawo muka yi mako muna maganar Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mun hau Dala suka ga yadda birnin ya shimfiɗu. Amma ba inda ya kama ransu kamar marinar Ƙofar Mata. Wani dattijo yana zaune a bakin rijiyar rini, ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba ya ɗago shi. Ƙyallen ya fito kore-kore, muna tsaye muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Yaron ya riƙe mini hijabi ya ce, "Umma, wa ya canza shi?" Dattijon ya ce, "Iska ce, ɗan nan. Sai ya sha iska yake kamawa." Ya sake tsomawa ya ɗago don su gani da kyau. A hanyar gida muka yi ta maganar abin da ke cikin iska, da dalilin da ƙarfe ke tsatsa, da dalilin da yankakken dankali ke yin baƙi in an bar shi a buɗe.

Akwai wahalhalun da ba wanda ya gaya mini. Na farko aike. Da maƙwabta suka gane yaran suna gida, sai ga sallama da hantsi, a ara mini yaro ya sayo mini magi, a ara mini yarinya ta riƙe mini jariri. Sai baƙi, da biki, da suna, da gaisuwar rasuwa, waɗanda duk da safe ake yin su, kuma ba a cewa ba za a je ba. Dole na koyi cewa, "Ki yi haƙuri Maman wance, suna makaranta sai azahar," ina faɗa ina jin nauyi, wasu kuma suka ji haushi. Na ɗinka musu riga iri ɗaya da suke sawa lokacin karatu kawai, don su da mutanen layi su san cewa wannan lokacin ba na wasa ba ne. Ya yi aiki fiye da duk bayanin da na yi.

Na biyu kewa. Akwai safiyar da na tarar da yarinyar a zaure ta leƙa ta ƙofa tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jakunkuna. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma abin ya tsaya mini. Islamiyyar da Hajiya ta dage a kai ita ta rufa mana asiri a nan, don a can suke da abokai, a can suke koyon zama a aji, da jiran layi, da faɗa da shiryawa. Daga baya wata maƙwabciyata ta fara turo 'ya'yanta biyu ranar Talata muna karatun labari tare, kowa ya karanta shafi da ƙarfi.

A Disambar 2020 aka sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka yi na Kagara da Jangeɓe, jihohi suka yi ta rufe makarantu. Wasu daga cikin masu yi mini surutu suka dawo suna cewa ashe na yi dabara. Ban ji daɗin wannan yabon ba. Ba tsoro ne ya sa na zaunar da nawa ba, kuma iyayen yaran nan ba su yi laifin komai ba da suka tura 'ya'yansu neman ilimi. Yawancinsu ba su da zaɓin da nake da shi. Ni ina da takardar koyarwa, ina da miji mai ɗaukar nauyin gida, ba na fita aiki. Wadda take tashi da asuba ta dafa abincin sayarwa ba za ta iya abin da na yi ba, kuma ba za a ce ta gaza ba.

Abin da ya riƙe tsarin duka wani littafi ne mai bangon kwali. Kowane yaro da sashensa. Duk daren Juma'a nakan rubuta abin da muka yi a makon, abin da ya zauna, da abin da bai zauna ba, sannan in tsara mako mai zuwa daga nan, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata mu kai ba. Manhajar nakan duba ta ne sau ɗaya a wata don in ga ko mun bar wani abu a baya. Wannan littafin na miƙa wa maigida da zangon da ya ba ni ya cika, tare da sakamakon jarrabawar da suka zana. Ya duba shafi-shafi, bai sake tayar da maganar komawa ba.

Tun da wuri na zauna na yi lissafin inda hanyar za ta ɓulle. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai yi rajista ba tare da makaranta ba, da ita kuma zai iya zana JAMB ya nemi jami'a. Wato ana iya kai yaro har ƙarshe daga gida. Amma na auna kaina na ga ba ni da ɗakin gwaje-gwaje, ba ni da ilimin kimiyyar sakandare, kuma yarinyar tana son shiga cikin 'yan'uwanta. Muka yanke cewa firamare a gida, sakandare a makaranta. Na ƙara mata shekara guda a kan sa'o'inta, domin shekarar farko kusan duka gyaran tushe muka yi. Ta ji zafin ganin ƙawayenta sun riga ta, na zaunar da ita na gaya mata dalili ba ɓoye-ɓoye.

A 2023 ta zana jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ta samu. Abin da malamanta suka fara lura da shi, bakinta bai saba da maganar Turanci ba kamar na sauran, don a gida da Hausa muke yini. Wannan giɓi ne na gaske, kuma daga wurina yake, shi ya sa yanzu na ware wa ƙannenta rabin awa kullum ta hira da Turanci zalla. Amma duk abin da aka ba ta a rubuce tana karantawa ta gane, ta kuma yi tambaya in ba ta gane ba.

Mazan biyu suna gida har yanzu. Na tsakiya saura masa shekara guda ya bi yayarsa. Auta kuwa farantin nan na yankakken kwali na sake fito masa da shi, wasu gaɓoɓin sun yi laushi sai da na sake yanka sababbi. Jiya da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, yayar ta dawo daga makaranta ko hijabi ba ta cire ba, ta tarar da shi yana fama da "ƙa" da "ka". Ta ajiye jaka ta zauna kusa da shi a tabarma, ta ɗauki hannunsa ta ɗora a maƙogwaronta, ta ce, "Ji nan. Ƙa. Ka ji ya motsa? To, kai ma yi."